Filatilet ɗin jariri ya sauka, shin sankarar jini ce?

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare wata ƙanwata ta turo min hoton takardar gwajin jinin ɗanta a WhatsApp, yaron wata tara ne, ta zagaye wani waje da jan biro inda aka rubuta PLT 41, wato ƙirgen filatilet ɗinsa 41,000, can sai ga muryarta tana rawa, "Yaya don Allah ki faɗa min gaskiya, na duba a intanet sun ce kansar jini ce." Ni aikina kenan a ɗakin gwaje-gwaje, kullum ina kan jinin mutane da madubin likita, kuma irin wannan saƙon ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba yana zuwa min, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin dalla-dalla, saboda akwai masu firgita kan abin da bai kai ba, akwai kuma waɗanda abin ya kai ya kawo amma suna gida ana ta ba yaro maganin maleriya karo na uku.

Toh mu fara da shi filatilet ɗin. Jini ba ruwa ɗaya bane, akwai ƙwayoyi iri uku da ke yawo a cikinsa, jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar da muke shaƙa su kai ko'ina a jiki, fararen ƙwayoyi waɗanda su ne sojojin jiki, sai filatilet, wasu mitsi-mitsin abubuwa ne da in aka ji ciwo suke rugawa su manne a wajen su toshe kafin jini ya daskare. Duka ukun a cikin ɓargo ake ƙera su. Lafiyayyen mutum, babba ko jariri, yana da filatilet tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowane ɗan mitsitsin ma'aunin jini da ake kira maikurolita, a takarda sai kiga an taƙaita an rubuta 150 zuwa 450 kawai. Kuma basa daɗewa, kwana 7 zuwa 10 sun mutu sai sababbi, jajayen ƙwayoyi kuwa suna kai kwana 120. Wannan ne dalilin da yasa in ɓargo ya samu matsala sau da yawa filatilet ne ke fara nunawa.

Ita sankarar jini, lukimiya, abin da ke faruwa shine wata ƙwaya ɗaya daga cikin jariran fararen ƙwayoyi a ɓargo ta lalace, ta ƙi girma ta zama soja, ta ƙi mutuwa, sai haihuwa kawai take yi ba tsayawa. Ki ɗauka kamar gona ce da ƙuduji ya mamaye, gero da dawa da wake duk babu wanda zai samu wajen fitowa. In waɗannan ɗanyun ƙwayoyin, mu muna ce musu bilas, suka cika ɓargo, jajayen ƙwayoyi sun ragu yaro ya ɗashe, fararen kirki sun ragu zazzaɓi ya dinga dawowa, filatilet sun ragu jini ya fara fita. Abin da nake so a riƙe daga duk rubutun nan shine wannan, sankarar jini ba kasafai take taɓa layi ɗaya ta bar biyu ba. Don haka in an miƙo miki takarda kada idonki ya tsaya kan PLT, a duba PCV ko Hb, wato ma'aunin jajayen ƙwayoyi, a duba WBC, wato ƙirgen fararen ƙwayoyi, sannan a duba yaron kansa.

Alamar raguwar filatilet a fata wasu ɗige-ɗige ne ƙanana kamar an tsira kan allura, ja ko ruwan goro, a shafe suke da fata, in kin shafa da yatsa ba za ki ji tudu ba, basa ƙaiƙayi, wannan ne ya raba su da ƙurajen zafi da cizon sauro da ƙyanda. Jini ne ya ɗan tsiyaye a ƙarƙashin fata. Akwai gwajin da za ki yi a gida, ki samu kofin gilas mai haske ki danna gefensa a kan wajen, ƙurajen yau da kullum za su dushe a ƙarƙashin gilas ɗin, waɗannan kuwa suna nan daram. Matsalar ita ce yawancin hotunan da ke intanet na farar fata ne, a jikin yaranmu abin baya fitowa haka, sai an nema. Ki fito da shi hasken rana ba fitilar waya ba, ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba ciki, ki buɗe baki ki duba ganda da cikin kumatu da dasashi, ki duba tafin hannu da tafin ƙafa da inda roban famfas ke matsewa. A nan ɗin dai za ki ga ko ya ɗashe, in cikin ido da tafin hannu sun yi fari fat jini ya yi ƙasa.

Sai taruwar jini, irin baƙin tabon nan ko shuɗi kamar an buge. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya in yana da tabo a ƙauri ko goshi ba abin mamaki bane, amma jaririn da ko juyawa bai fara ba, me zai buge shi? Duk irin wannan tabon a jikin ɗan wata biyu ko uku sai likita ya gani, ko da guda ɗaya ne. Haka haɓo, jarirai basu cika haɓo ba, haka jini a dasashi, jini a kashi ko kashi baƙi ƙirin kamar kwalta, jini a fitsari, cibiyar da ta ƙi daina tsattsafo da jini, ko wajen allurar rigakafi ya kumbura ya yi baƙi yana ta zuba. Galibi jini baya fara fita da kansa sai filatilet ya yi ƙasa da 20,000, kuma abin da likitoci suka fi tsoro shine zubar jini a cikin kai, alamarsa maɗiga ta kumbura ta yi tauri, yaro ya dinga barcin da baya tashi, ko amai ba dalili, ko jijjiga, wannan ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Yanzu abin da na faɗa wa ƙanwata a daren nan. Sankarar jini a yaro ɗan ƙasa da shekara ɗaya abu ne da ba a cika gani ba, a ƙasashen da ake ƙirgawa da kyau kamar Amurka wajen jarirai 40 ne a cikin miliyan ɗaya a shekara. Raguwar filatilet kuwa kullum muna ganinta. A nan ƙasarmu babban mai saukar da shi maleriya ce, musamman da damina, kuma in an yi magani sai ya hau da kansa cikin 'yan kwanaki. A jaririn da aka haifa kwanan nan abin da aka fi zargi shine ƙwayoyin cuta sun shiga jini, ta cibiya ko wajen haihuwa, ko kuma uwar ta yi hawan jini na masu ciki yaron ya fito ƙarami, ko wata cuta da ya ɗauka tun a ciki kamar CMV ko rubela ko tunjere. Akwai wanda garkuwar jikin uwa ce ke ganin filatilet ɗin ɗanta a matsayin baƙo ta ƙetara mabiyiya ta farfasa su, jaririn lafiyarsa ƙalau yana shan nono amma jikinsa duk ɗige-ɗige, wannan yana wucewa cikin 'yan makonni amma kwanakin farko suna da haɗari. Akwai ITP, inda garkuwar yaron kansa ke cinye filatilet bayan mura ko wata 'yar cuta, ya fi yawa a 'yan shekara 2 zuwa 5, yaro na wasansa, sauran jininsa lafiya, yawancinsu suna warkewa. Sannan ɗige-ɗigen da basa dushewa tare da zazzaɓi mai zafi da ya zo lokaci ɗaya, a yankinmu musamman lokacin zafi, sanƙarau ake fara tunani, kuma shi awanni yake ɗauka ba kwanaki ba.

Wani lokacin ma lambar ce ba daidai ba, kuma wannan daga wajenmu ne. Ɗibar jini a jikin jariri akwai wahala, jijiya kamar zare, yaro na tsala kuka, jinin na ɗiga a hankali, kafin a kai shi cikin kwalbar nan mai murfi ruwan hoda mai duhu ya fara guda-guda, filatilet sun dunƙule waje ɗaya, inji ya ƙirga ya ce sun yi kaɗan alhali suna nan. Shi yasa in lamba ta fito ƙasa kuma yaro bashi da wata alama, abin da ya dace a sake ɗiba a sake yi. Ga kuma wani abu da yake ruɗa iyaye, jinin da ke zuba saboda rashin bitamin K, wanda yafi samun jariran da aka haifa a gida ba a musu allurar nan ta ranar haihuwa ba, shi filatilet ɗinsa lafiya lau yake fitowa.

To yaushe hankalina yake tashi? In na ga filatilet ya sauka, PCV ma ya sauka sosai, WBC kuma ya yi wani irin tashi ko ya faɗi warwas. Jariri fararen ƙwayoyinsa basu cika wuce 17,000 ko 18,000 ba bayan kwanakin farko, amma masu sankarar jini 'yan ƙasa da shekara sau da yawa suna zuwa da sama da 100,000, wasu har su haura 300,000. Sannan jikin yaron, ciki ya kumbura ya yi tauri saboda hanta da saifa sun cika da waɗannan ƙwayoyin, kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, baya kama nono da ƙarfi, yana tsotsa kaɗan ya gaji yana haki, yana kuka in an ɗauke shi ko an taɓa ƙafafunsa don ƙashi na masa ciwo. Akwai kuma alamar da ta fi yawa a jarirai fiye da manyan yara, wasu ƙulluttai a fata masu ɗan tauri, shuɗi-shuɗi ko ruwan toka ko ja mai duhu, a kai ko fuska ko gangar jiki, ba ruwa a ciki ba mugunya, waɗannan ƙwayoyin sankarar ne da kansu suka zauna a fata, wani jaririn da su ake haifarsa.

Ba zan manta da wata yarinya 'yar wata huɗu ba. Jininta da aka kawo min, tun kafin in sa a inji, da na juya shi a na'urar PCV sai naga farin layin nan na tsakiya inda fararen ƙwayoyi ke taruwa, wanda a lafiyayye da ƙyar ake ganinsa ya yi kauri kamar an zuba madara. Na shafa ɗigo a gilas na rina na leƙa, duk inda na juya manyan ƙwayoyi ne iri ɗaya sun cika fili, filatilet sai na yi ta yawo kafin in ga ɗaya. Na fita na same su a benci, kakarta ce ke riƙe da ita, ta ce min "'yar nan, sati biyar kenan, an ce haƙori ne, an ce maleriya, an ce saifa ce har an mata tsaga a ciki", ta ɗaga rigar naga wajen tsagar an ɗaure da tsumma har lokacin yana jiƙewa. Wallahi ban ga laifinsu ba ko kaɗan, zazzaɓi da ƙarancin jini da kumburin saifa ai su ne dai alamomin maleriya, kowa haka zai fara zato. Abin da ya dame ni shine sati biyar ana ta yawo da yarinya ba wanda ya ce a yi cikakken gwajin jini, PCV da gwajin maleriya kawai ake maimaitawa.

Don haka in an yi maganin maleriya cikakke zazzaɓi ya dawo, ko an ƙara wa yaro jini bayan sati biyu ko uku ya sake ɗashewa kuma an tabbatar ba sikila bane, ki buɗe baki ki roƙi likita a yi FBC, wato cikakken gwajin jinin da ke ƙirga duka ƙwayoyin ukun, kuma a shafa jinin a gilas mutum ya duba da idonsa, don inji yana ƙirge ne kawai, baya iya rantsuwa cewa wannan bilas ne. Ko tarin shiƙa yana iya ɗaga fararen ƙwayoyi sosai, ido ne ke bambancewa. Kuma ko ni da na gani a gilas ba ni zan yanke hukunci ba, tabbaci sai an ɗebi ɓargo, galibi daga ƙashin ƙugu, sannan a ɗebi ruwan baya a ga ko cutar ta kai ƙwaƙwalwa, abin da yake yawan faruwa a jarirai. Na san yadda mutanenmu ke tsoron a taɓa bayan yaro, amma ta wannan hanyar ake gane matakin ciwon kuma ta nan ake zuba wani ɓangare na maganin. Irin wannan aikin sai manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, ko babban asibitin ƙasa a Abuja ko Yamai.

Kafin a kai can akwai abubuwa biyu da nake roƙo da babbar murya. Na farko kada aska ta taɓa yaron da ke da waɗannan alamomin, ba cire beli, ba kaciya, ba tsaga, ba huda kunne, ko ranar suna ce a ba wanzami haƙuri a ɗaga. Na biyu maganin kemis. Asfirin da ibufurofen suna hana ɗan filatilet ɗin da ya rage yin aiki. Wanda yafi ɓata lamari kuma shine dekisa da firednisolon, waɗanda ake sayarwa kamar alewa har a haɗa su cikin maganin mura ko na ƙiba. Su fa suna cikin ainihin magungunan da ake kashe sankarar jini da su, a tsarin jinyar jarirai na ƙasashen Turai satin farko gaba ɗaya firednison, ɗan uwan firednisolon, ake bayarwa sannan a rana ta 8 a ƙirga bilas nawa suka rage don a san irin taurin kan cutar. In aka ba yaro a gida sai ƙwayoyin su ɓuya, jiki ya yi kamar ya samu sauƙi, a je gwaji a ga ba komai, bayan 'yan makonni ta dawo, an ɓata lokaci kuma an ɓata ma'aunin da likita zai yi amfani da shi, banda haɗarin da ƙoda ke shiga in ƙwayoyi masu yawa suka fashe lokaci ɗaya.

Iyaye mata suna yawan tambayata, me na ci, me na yi? Ba nononki bane, ba rigakafi bane, ba a ɗauka daga wani, kuma yawanci ba gado bane. Sankarar jarirai tun a ciki take farawa. A wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na jarirai masu nau'in ALL, ɗaya daga cikin manyan nau'o'in sankarar jini biyu, wani ƙwayar halitta mai suna KMT2A da ke kan kuromozom na 11, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da tsarin halittar mutum, ne yake karyewa ya haɗe da wani da ba nasa ba. Farfesa Mel Greaves da abokan aikinsa a Landan sun nuna haka ta hanyar tagwaye masu kama ɗaya da suka yi tarayya a mabiyiya ɗaya, aka samu karaya iri ɗaya sak a jinin su biyun, ma'ana a jikin ɗaya ta fara ta bi jini ta shiga ɗayan tun basu fito duniya ba. A manyan yara ALL ce tafi yawa nesa ba kusa ba, a jarirai kuwa ita da ɗaya nau'in, AML, sun kusa kai ɗaya.

Jarirai masu larurar Down, wato waɗanda aka haifa da ƙarin kuromozom ɗaya, nasu daban ne. Wajen ɗaya cikin goma ana haifarsu da wani yanayi mai kama da sankarar jini, bilas a jini, filatilet ƙasa, hanta ta kumbura, amma a mafi yawansu yana bajewa da kansa cikin wata uku. Sai dai kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka yi shi suna samun AML ta gaske kafin shekara 4 ko 5, kuma sau da yawa raguwar filatilet ce alamar farko, don haka irin wannan yaron ana bin jininsa lokaci-lokaci ko da yana cikin ƙoshin lafiya, kuma tasu tana jin magani sosai.

Maganar warkewa ba zan yi miki ƙarya ba. Manyan yara masu ALL a ƙasashe masu arziki wajen kashi 90 cikin ɗari suna rayuwa, jarirai basu kai haka ba. A babban binciken ƙasa da ƙasa mai suna Interfant-06 da aka buga a 2019, kan jarirai 651, kashi 46 cikin ɗari ne suka kai shekara 6 cutar bata dawo ba, waɗanda suka fi shan wahala su ne 'yan ƙasa da wata 6 masu karayar KMT2A da fararen ƙwayoyi sama da 300,000. Amma a 2023 wani bincike da likitocin cibiyar Princess Máxima ta Holan suka jagoranta ya ƙara wa jarirai 30 wani magani mai suna blinatumomab, wanda ke haɗa sojojin jikin yaron da ƙwayoyin sankarar su kashe su, bayan shekara 2 kusan kashi 82 cikin ɗari suna nan ba cutar, a da kuwa 49 ne. A ƙasashe irin namu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da yawa ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na yara masu ciwon daji ke warkewa, shi yasa a 2018 ta kafa shirin kai wannan adadi kashi 60 zuwa 2030, kuma manyan dalilan da ta lissafa su ne zuwa a makare, rashin gane cutar, tsadar magani da barin jinya a tsakiya.

In Allah ya jarabce ku da wannan, tun ranar farko dangi su fara shirin bada jini, don filatilet ba kamar jan jini bane da ake ajiyewa a firiji sati biyar, shi a zafin ɗaki ake ajiye shi, digiri 20 zuwa 24, ana jijjiga shi dare da rana, kuma kwana 5 ya lalace, ga shi ba kowane asibiti ke da na'urar ware shi ba, sau da yawa sai dai a nemi sabon jini da aka ɗiba a ranar. A rubuta sunayen baffanni da kawunnai da maƙwabta da rukunin jinin kowa a ajiye, a adana kowace takardar gwaji bi da bi da kwanan wata, a ɗauki hoton ɗige-ɗigen da ƙulluttan a waya kullum, a kuma tafi da kwalin duk maganin da aka taɓa ba yaron har na gargajiya a nuna wa likita ba ɓoye-ɓoye.

Ɗan ƙanwata kuwa, a daren nan na sa ta karanto min sauran layukan, WBC ɗinsa 11,000, PCV 29, kuma a ƙasan takardar an rubuta an ga ƙwayar maleriya. Na ce ta duba cikin bakinsa da idonsa da cikinsa, ba ɗige ko ɗaya, ciki laushi. Na ce ta cika maganin da likita ya rubuta, kada ta bashi komai na zazzaɓi sai farasitamol, in ta ga jini ko barcin da bai saba ba ta koma a daren, in ba haka ba bayan sati ɗaya a sake gwajin. Da suka sake filatilet ɗin ya koma 260, amma duk da haka na sa an kawo min jinin na shafa a gilas na duba da kaina.